Kwalbar Hagu

Ranar Laraba da safe wata tela ta shafa mai a kuncinta na hagu, kafin ta rufe kwalbar fatar ta fara tashi. 'Yarta ce ta ji ihun daga tsakar gida. Da aka kai ta asibiti, daga gefen ido zuwa haɓa duk ya koma jan nama. Likita ya ce sodar da ake yin sabulu da ita ce aka zuba a cikin man.

Kafin azahar 'yan sanda sun tafi da Auta, ɗiyar ƙanwata marigayiya.

Ni sai Alhamis labari ya iske ni. Shekara talatin da ɗaya na yi ina bin sawun dabbar da aka sace da mutumin da ya ɓata, har gwiwata ta ce ta gaji. Ban san komai a kan man fuska ba, ni da ko madubi ba na dubawa. Amma da na ji an ce Auta, sandata kawai na ɗauka.

Ga yadda abin yake. Wani ƙaramin kamfani ne a saman shagon tayoyi, suna gwada sabon man fuska mai bitamin, wai yana sa fata ta riƙe danshi, ta yi ƙarfi, tamoji ya ragu. Sun ɗauki mata ashirin da huɗu. Kowace an ba ta kwalba biyu, ɗaya an rubuta Dama, ɗaya Hagu, da ɗan cokalin roba. Ɗaya kwalbar man bitamin ne, ɗayar mai ne zalla ba komai a ciki, amma launi ɗaya, ƙamshi ɗaya. Za su yi sati takwas suna shafawa kowace safiya, duk sati biyu su zo a auna fuskar. Auta ce ta cika kwalaben. Ubanta, mijin ƙanwata, shi ya haɗa man. Shekara tara yana kansa, har mutane suka manta sunansa, sai Mai Haɗi.

*

Layinsu Auta ya cika da mata. Wani ya watsa baƙin mai a ƙofar gidan. Ina wucewa ina jin su.

"Ai dama irin masu shirun nan!"

"Wata uku da suka wuce ba ta yi faɗa da telar ba? A kan rigar da ta ɓata mata?"

"Ta riƙe abin a zuci ke nan. Allah ya isa!"

Na tsaya na dube su ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu na san su tun suna yawo ba takalmi, kuma Auta ta sha goya musu 'ya'ya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na wuce ciki, don na san bakina in ya buɗe ba ya rufuwa da daɗi.

Mai Haɗi na ciki, zaune a kan kujera, takardu baje a cinyarsa.

"Yaya, ka zo?" ya ce. "Wannan masifa da me ta yi kama. Saura sati biyu kacal a gama gwajin."

"Ka je ka gan ta?"

"Na aika mata da abinci."

*

Sufeto ya san ni tun yana kurtu, na taɓa nemo masa fursunan da ya tsere masa ba tare da kowa ya ji ba. Don haka da na isa ofishin 'yan sanda ya ba ni kujera.

"Baba, maganar a fili take," ya ce. "Ita ta cika kwalbar. Ta sa dunƙulen soda a ƙasa, matar ta yi ta ɗiba daga sama har ta kai kansa. Ga faɗa a tsakaninsu. Kuma tun jiya ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Litinin zan kai ta kotu."

"Ba ni zuwa Litinin ɗin."

"Na ba ka. Amma in ta shiga hannun alƙali, shekarun da za ta yi ba kaɗan ba ne."

Aka kai ni bakin ƙarfen ɗakin da aka kulle Auta. Tana zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ɗago, idonta ƙofar da ke bayana ya fara dubawa kafin ya dawo kaina.

"Ke kika zuba?"

"Kawu, ka koma gida."

"Ni nake tambayarki kina aikena? Ke kika zuba?"

"Gwiwarka za ta tashi. Ka koma gida."

Yarinyar da na yi wa wanka a baho, ita ce take kallona kamar baƙo. Na juya na fito.

*

Juma'a na je asibiti. Rabin fuskar telar a naɗe, da ɗaya gefen bakin take magana. Mijinta na tsaye a bakin gado yana huci.

"Sau nawa na ce mata ta bar wannan shirmen? Tsufa laifi ne?"

"Malam, ɗan ba mu wuri," na ce. Ya fita yana gunaguni.

Na tambaye ta me ya kai ta.

"Hoton katin shaida na ɗauka, Baba. Da aka miƙo min, sai na ga mahaifiyata. Shi ke nan fa. Ba wani abu nake nema ba."

"Ina kike ajiye kwalaben?"

"A aljihun keken ɗinkina. Makullin na wuyana, saboda jikoki."

"Ban da ke wa ya taɓa riƙe su?"

"Ba kowa. Sai ranar awo, mu kai a ɗora a sikeli a ga ko muna shafawa. Talatar nan ma mun kai."

"Da yatsa kike ɗiba?"

"Haba! An hana. Da cokali." Hawaye ya gangaro daga idon da ke buɗe. "Tun bayan sati na huɗu hagun ke min ƙaiƙayi yana bushewa. Na faɗa wa Nas ɗin da ke auna mu, ta ce wataƙila alamar man na aiki ne. Har murna na yi, Baba."

A waje mijin ya tare ni, ya ce in duba matar ƙanensa, sabulu take yi, kuma ba sa shiri. Na je. Buhun soda na nan kuwa a bayan ƙofarta. Amma matar ta yi sati biyar a wani gari tana jinyar uwarta, daren jiya ta dawo, ƙurar mota ma ba ta bar jakarta ba. Na sha rana a banza, na kuma sha zagi, kuma ban ga laifinta ba.

*

Da la'asar na sa Sufeto ya fito min da kwalaben telar. Na kai su bakin taga, na sa tabarau.

"Me kake nema? Likita ya riga ya gwada."

"Likita abin da ke ciki ya duba. Ni wanda ya shiga nake nema."

Na buɗe ta Dama. Kowa ya san yadda tafki ke barin zobe-zobe a gaɓa in yana janyewa. Haka jikin kwalbar yake daga ciki: layi a kan layi, busasshen mai, kowace safiya da inda cokali ya tsaya. Tun daga wuya har inda man ya rage, ba wanda ya goge.

Na buɗe ta Hagu. Daga wuya zuwa tsakiya layukan na nan. Daga tsakiya zuwa ƙasa an share su tas, an bar shatar abin da aka juya da shi, zagaye biyu, ɗaya a sama ya bushe, ɗaya a ƙasa ɗanye.

"Sufeto, zo ka gani. Sawun da ya hau kan wani, shi ne na baya. An motsa man nan bayan an cinye rabinsa, an sake motsa shi kwanan nan. Auta a cike ta ba da shi, sati shida da suka wuce. Ranakun awo tana ina?"

Ya duba takardarsa. "Duk Talata tana bin motar kamfani raba kaya. Direba ya faɗa."

"To ka gani."

"Na ga layi a jikin kwalba, Baba. Alƙali mutum zai ce in kawo masa."

Na koma kan ta Dama don in rufe, sai idona ya faɗa kan wani abu. Can gefe, inda cokali bai kai ba, akwai ɗan rami zagayayye, da tsagar farce a bakinsa. Yatsa ne, kuma ƙarami. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na dangwala nawa na kai harshe. Tsami ne, siriri, kamar na lemo.

"Ka karɓo min sauran kwalaben," na ce. "Duka arba'in da shidan."

*

Asabar na hau benen kamfanin, gwiwa na tsine min a kowace matakala. Ɗaki biyu ne. Na waje da kujerar awo da fitilu da kyamara. Na ciki da sikeli, da firji, da butar shayi, da teburin Mai Haɗi.

Nas ta nuna min kayan aikinta tana sharar ido. Wani kamar biro, a dafa a kunci ya faɗi yawan danshi. Wani ya tsotsi fata ya saki, a ga saurin komawarta. Sai hoton gefen ido, a ƙirga tamoji.

"In kin auna kwalabe ina kike barinsu?"

"A faranti, a ɗakin ciki, har in gama da fuskokin. Kamar awa uku."

"Wa ke shiga?"

"Ni. Mai hoto in zai yi cajin batir. Manaja in zai sha shayi. Mai Haɗi kuma teburinsa ne, amma doka ta hana shi taɓa su."

"A sati na huɗu me awo ya nuna?"

Ta sunkuyar da kai. "Danshi ya ƙaru. Amma a kunci biyun duka, daidai wa daida. Manaja ya ce in aka kai sati takwas ba bambanci, an rufe maganar man." Ta share ido. "A na shida kuwa bambanci ya fito sosai. Har tafi muka yi. Matan suna ta cewa gefe ɗaya na musu ƙaiƙayi, ni kuma ina ce musu ba komai. Da bakina."

Manaja na zarga, ba zan ɓoye ba. Mutum ne mai tumbi da yawan duba agogo. Na tambaye shi wa ya san wace kwalba ce ta bitamin.

"Ba kowa!" ya ce. "Wani mai kemis daga waje ya liƙa Dama da Hagu, ya rubuta sirrin ya rufe a ambulan." Ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro. Na juya ambulan ɗin gaba da baya, na ɗaga shi a rana. Hatimi lafiya, gam lafiya, ko tururi bai taɓa shi ba.

Mai hoto da plasta a ɗan yatsa, har na fara zarginsa. Ya warware min: ƙofar mota ce ta datse shi, farcen ya yi wata guda da fita. Wanda ya bar ramin nan kuwa yana da farcensa.

Da yamma aka jera kwalaben a dogon tebur, biyu-biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A kowane biyu, an motsa ɗaya. Wadda ba a motsa ba kuma, ga ɗan ramin nan a gefe, kuma duk tsami ne da su, tsamin bitamin. Ashe ba telar aka nufa ba. Ba wanda ya tsane ta. Wani ne yake son gefen da ba bitamin ya lalace don ɗaya gefen ya yi kyau, yana barbaɗa kaɗan-kaɗan, a tata hannu ya zarce. Kuma bai buƙaci ambulan ba, harshensa ya ishe shi.

Na zauna a kan benci. Shekara talatin nake cin abinci a kwano ɗaya da mutumin da ba ya iya ganin abu a tukunya bai dangwala ƙaramin yatsa ba. Ƙanwata har marin hannun take yi tana dariya. Na roƙi Allah ya sa idona ne ya tsufa.

*

Lahadi da hantsi Sufeto ya tara su a ɗakin awo: Manaja, Nas, mai hoto, Mai Haɗi, mijin telar da 'yarta, da matan gwajin da suka samu zuwa, sun jeru a bango kowace da kunci ɗaya a bushe. Na sa Nas ta ɗebo min ragowar man daga robobi biyun da ke firji, na zuba a faranti biyu ba alama.

"Jama'a, na yi ɓarna," na ce. "Na rikita su. Sufeto yana son ya san wanne ne na bitamin kafin ya saki yarinya. In ba wanda ya sani, sai an aika babban ɗakin gwaji. Sati uku. Auta za ta yi su a gidan yari."

Nas ta ce ba yadda za a gane da ido. Manaja ya ce ambulan ba zai yi amfani ba tunda ba lamba. Na dubi Mai Haɗi. Yana kallon takalminsa. Na ba shi lokaci, Allah shaida, na ƙirga numfashi goma. Bai motsa ba.

Sai na yi tsaki.

"Ni dama na sani. Duk abu ɗaya ne. Man kitso ne aka zuba a kwalba mai kyau aka ce bitamin. Shekara tara mutum na dama ruwa, an tara matan mutane ana musu wasa da fuska."

"Kai ka san me kake faɗa kuwa?"

Mai Haɗi ya miƙe tsaye, wuyansa ya kumbura. Taku uku ya kai teburin. Ya dangwala ƙaramin yatsa a farantin farko ya kai harshe, ya dangwala a na biyu.

"Wannan ne! Jahili kawai. Ko a duhu zan gane shi."

Na kama wuyan hannunsa kafin ya sauke. Na jawo kwalbar telar ta Dama na ajiye kusa da farantin. Rami biyu, girma ɗaya, tsagar farce a gefe ɗaya. Sufeto ya sunkuya ya duba, ya ɗago, ya dubi layin kwalaben da ke kan tebur.

Mai Haɗi ya dubi ramukan biyu.

"Man yana aiki," ya ce a hankali. "Wallahi yana aiki, Yaya. Sati takwas ne bai isa ba. Ɗan kaɗan nake sawa, don na'urar ta ga abin da na san yana nan. Ranar nan Nas ce ta turo ƙofa, hannuna ya kuɓuce, ban samu na dama da kyau ba."

"Ka san akwai dunƙule a ciki ka bar ta ta tafi da shi gida?" in ji Sufeto.

'Yar telar ta yi kansa da kujera, mata uku suka riƙe ta. Wata dattijuwa a bango ta dafa kuncinta tana ta maimaita innalillahi.

"Auta fa?" na ce. "Kwana biyar tana kulle."

"Na san za su sake ta. Ba su da hujja. Da an kai sati takwas..."

Na saki hannunsa, don in na ci gaba da riƙewa zan karya shi.

*

Ta ƙofar baya aka shigar da Mai Haɗi ofishin 'yan sanda, ban bari sun haɗu da Auta ba. La'asar sakaliya aka fito da ita, riƙe da ɗankwalinta da takalmi a hannu. Ta rame, idonta ya faɗa. Muka tsaya a bakin titi inda masu gyaran babur ke aiki.

"An ce Baba ne," ta ce.

"Shi ne. Kin sani?"

"Ni nake wanke farar rigarsa. Aljihun ya cinye, ya ɓule, irin cin soda. Ranar da aka zo kama ni na gane."

"Shi ne kika yi shiru? Da kin tafi shekaru fa, Auta!"

"Na san zai zo. Na ce in ba shi kwana ɗaya ya tattara hankalinsa. Da ya wuce na ce in ƙara masa ɗaya." Ta sa takalmin, ta ɗaure ɗankwali, sannan ta dube ni sosai. "Kawu, da ƙafarsa ya zo ya faɗa, ko kai ka kamo shi?"

Na taɓa gaya wa uwa cewa sawun ɗanta a bakin rijiya ya ƙare, ban yi mata ƙarya ba. Amma a nan na buɗe baki ina neman ƙaryar da zan yi, wadda za ta iya rayuwa da ita. Kalma ɗaya ce kawai. Na daɗe ina nemanta, ita kuma tana kallon bakina.

"To," ta ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi sandata ta riƙe min gwiwar hannu, kamar ni aka sako. Da muka kai mararraba na juya hanyar layinsu, sai ta ja ni baya.

"Ba can ba, Kawu. Akwai ɗaki a gidanka?"

Na ce akwai.